Taurari a Hantar Dodon Koɗi

A falon Yayana akwai wani hoto da ya girmi kujerun ɗakin duka. Ba hoton mutum ba ne. Baƙi ne wuluk, an yayyafa masa ɗigo-ɗigo kore shar masu ƙyalli. Yaran gidan suka raɗa masa suna taurarin Baba, sunan kuwa ya bi shi. Duk baƙon da tsautsayi ya sa ya tambayi ko mene ne wannan, to ya haƙura da shayinsa, don sai ya huce kafin Yaya ya kai rabin bayani.

Ni na haddace bayanin tsaf, tunda a gidan nake. Mijina ya rasu, matarsa ta rasu, sai muka tare gida ɗaya muna cin ran juna kamar yadda muka saba tun muna ƙanana. Shi yana ce mini Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare. Ni kuma a bayan idonsa Uban Dodanni nake ce masa.

Dalili kuwa, Yaya malamin jami'a ne, kuma dodon koɗi ya karanta. I, dodon koɗi. Akwai wata tsutsa mai sa yara fitsarin jini, a jikin dodon koɗi take girma kafin ta fito cikin ruwa ta kama mutum. Abin da ya hana Yaya sakat shi ne, idan tafki ya ƙafe ƙurmus, ina tsutsar nan take ɓuya, da har ruwa na dawowa ita ma sai ta dawo? Yana da sauran baƙin gashi aka tura shi taro wata ƙasa. A can wani ya ara masa wani irin madubi na masu bincike mai girmama ƙananan abubuwa, wanda ba a aiki da shi sai a duhu. Ana yanka abu siriri fiye da fatar albasa, a ɗora a kan ɗan gilashi, a zuba masa wani rini da abu ɗaya tak yake maƙale wa, sannan a haska shi da shuɗin haske. Duk inda abin da ake nema yake, sai wurin ya kama ƙyalli. Yaya ya yanka hantar dodon koɗi, ya zuba rinin da aka ce tsutsar yake kamawa, ya leƙa, ya ga taurari. Aka ɗaukar masa hoto a gurguje, mai madubi ya karɓi abinsa.

Ya dawo gida ya rubuta cewa ya gano maɓoyar tsutsa. Manyan masana suka ce ya sake gwadawa, ya kawo ƙarin shaida. Da me zai gwada? Jami'arsu ba ta da irin madubin. Sa'o'insa suka zama farfesoshi ɗaya bayan ɗaya, shi ya yi ritaya yana Malam. Amma bai taɓa zubar da dodanninsa ba. Suna nan a bayan gida cikin bahunan roba, yana ba su ganyen latas kullum safiya, yana canza musu ruwa, suna haihuwa suna mutuwa, ni kuma ina shan ƙarni.

"Wata rana madubin zai zo," haka yake cewa. "Ran nan za ki ji kunya, Rediyo."

Autarsa a ƙarƙashin hoton nan ta yi rarrafe. Shi yana kiranta Uwata, mu muna ce mata Auta. Tun ba ta iya ɗaura zane ba take cewa ita za ta nuna wa duniya taurarin Baba. Ta yi karatu har na gaji da tambayar yaushe za a gama. Da ta dawo, Allah da ikonsa, jami'a ta sayi madubin, sabo dal, kuma aka ce ita ce za ta riƙa koya wa masu binciken halittu yadda ake aiki da shi.

Ranar da labari ya iso, Yaya ya fito da farar rigarsa ta aiki daga ƙasan akwati, ya ce in wanke in goge. Na wanke, na goge, ta zauna a rataye. Yau Auta ta ce ba a gama haɗa injin madubin ba. Gobe ta ce ƙwan fitilarsa ya ƙone. Jibi ta ce aji ya cika, sai wani zagayen. Ta ma rage zuwa gidan, in ta zo kuma sai ta zauna ta ba hoton baya.

Ni dai na san abin da na gani, kuma na gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga: yarinya ta zama dakta, kunyar tsoho da bokitin dodanni take ji.

Yaya bai tsaya jiranta ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi wurin shugaban sashen, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya ce a sa shi cikin masu koyo kamar kowa. Wa zai hana? Tunda ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi, dole a samu mai riƙe masa bokiti. Ban jira an roƙe ni ba. A ce za a kulle samari da 'yan mata a ɗaki mai duhu da rana tsaka, ni ina gida ina tsintar ƙasa a wake?

Ɗakin ƙarami ne, babu taga, ga baƙin labule a bayan ƙofa, ga sanyi kamar cikin firji. Injin na kan wani tebur mai nauyi da aka ce ko jingina kada a yi da shi. Aka ba ni kujera a kusurwa, aka ce kada in taɓa komai. Dokar Auta ta farko, in an kashe fitila kowa ya tsaya cik har idonsa ya saba da duhu. Ta biyu, in ka ɗaga kai daga madubi ka toshe hasken nan take, don haske cinye rinin yake yi, in ka yi sake ka dawo ka tarar da wayam.

Ni idona ya riga na kowa sabawa. Kafin a je ko'ina na gano wani dogo mai ƙaramar riga kullum a duhu sai ya ɓulla kusa da wata mai turare, in an kunna fitila kuma sai a gan shi can nesa yana gyara safar hannu. Na ajiye wannan don maƙwabciya.

Yaya kuwa ɗalibi ne na gaban aji. Ya hana kowa ba shi kujera. In zai yi tambaya sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malama." Auta ta ce, "Haba Baba." Ya ce, "A nan babu Baba. A nan ke ce Malama." Hannunsa na rawa, amma in ya riƙe ɗan gilashin nan sai rawar ta tsaya. Yaran suka so shi ƙwarai. Dogo ya zama mai wanke masa kwalabe, Mai Turare ta riƙa karanta masa ƙananan rubutu. Ya ba su labarin taurari har su ma suka haddace, suka ƙagara ranar da za a zo kan dodon koɗi.

Har ni an ce in leƙa sau ɗaya. Na ga wasu duwatsu shuɗɗa, an shanya musu zare kore a kai. Aka ce wai irin abin da ke cikin kumatun mutum ke nan. Na ce in dai haka cikin kumatuna yake, ban ga laifin da nake yawan buɗe su ba.

Wata rana da aka tashi shan iska, ina wanke kofuna a famfon bayan ɗakin, Auta ta zo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana murza zoben hannunta.

"Goggo, in na gaya miki magana za ki iya riƙewa?"

"Ke ma kin san ba zan iya ba. Faɗi."

Ko murmushi ba ta yi ba. "Ranar da aka gama haɗa injin nan, kafin kowa ya taɓa shi, na saci dodon koɗi a bahon Baba. So nake in kawo masa sabon hoto ba zato, in rataya kusa da tsohon."

"Ba ki ga taurarin ba?"

"Na gani. Sun fi na hoton kyau. Sai na ɗora wani yankin da ban zuba wa rini ba. Goggo, suna nan."

"To ai madalla, sun ƙaru."

"Goggo, in babu rini bai kamata a ga komai ba. Rinin ne ke nuna tsutsa. In abu ya yi ƙyalli ba rini, to ba tsutsa ba ce. Hantar ce ke haske da kanta. Na maimaita har na gaji. Babu komai a wurin, Goggo. Ba a taɓa samun komai ba."

Kofin hannuna ya cika yana zuba ban sani ba. Ashe ba ƙwan fitila ne ya ƙone ba. Ashe ba kunyar bokiti ba ce.

"Yau kowa ya haɗa gilashi biyu," ta ce, "ɗaya da rini, ɗaya babu. Shi ma ya haɗa nasa da hannunsa. Gobe za a duba. Ki hana shi zuwa. Gobe kaɗai. In ya wuce goben, na san yadda zan lallaɓa."

"Ke ki tsallake darasin mana. Wa zai sani?"

Ta dube ni da jajayen idanu. "In na tsallake, yaran nan kowa zai je ya rataya nasa hoton a falo."

Wannan ce magana ta farko da aka taɓa ba ni na kwana da ita ba ta fita ba. Maƙwabciya ta leƙo katanga da yamma tana tambayar yau me aka yi, na ba ta Dogo da Mai Turare, har na ƙara musu gishiri don ta ƙyale ni.

Da safe na ɗaure kai tamau, na shafe jiki da man zafi, na ja bargo na kama nishi. Ba yabon kai ba, na iya ciwo. Na kira sunan mahaifiyarmu, na yafe wa kowa, na ce a kai ni asibiti kuma ba wanda zai raka ni sai ɗan'uwana.

Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakina cikin farar rigarsa, ya dogara sanda.

"Rediyo, na san nishin nan. Shi kike yi ranar jarrabawa. Shi ya sa kika tsaya a aji nawa ma?"

"Yaya, mutuwa zan yi."

"Da kunne a waje?" Na ja bargo na rufe kunnen. Ya daɗe yana kallona, har dariyar fuskarsa ta gushe. "Wa ya sa ki?"

Na juya fuskata bango. Ni da ba a taɓa yi wa tambaya na rasa amsa uku ba.

"To," ya ce a hankali. "Allah ya ba ki lafiya."

Na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa har bakin ƙofa. Na yaye bargo, na zura takalmi, na cim masa yana tsayar da tasi. Bai tambaye ni yadda na warke ba. Har muka isa warin man zafi ne ya cika motar.

Da Auta ta gan mu, na sunkuyar da kai. Ta kashe fitila. Ta fara da gilasan sauran, tana ja, tana bayani kan bayani, tana sa kowa ya maimaita, ko lokaci zai ƙare. Yaran ne suka ɓata mata shiri. Mai Turare ta ce, "Malama, don Allah na Baba. Tun jiya ba mu da zance sai shi."

Yaya ya zauna. Ya ɗora gilashi mai rini, ya sa ido, ya murza, ya buɗe haske. Allon kwamfutar da ke gefe ya kawo. Ga su nan, birjik, kore shar, sun fi na falo yawa, sun fi su haske. Ɗakin ya kaure da tafi. Dogo har da tsalle, aka daka masa tsawa saboda tebur. Yaya bai ɗago ba. Na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Sannunku. Kuna nan ashe. Sannunku da jira." Kamar mai gaida 'yan'uwan da suka dawo daga doguwar tafiya.

"To, a je a sha iska," in ji Auta da sauri. Har ta kai hannu ga makunnin fitila.

Yaya ya toshe haske kamar yadda aka koya masa, sannan ya ɗaga hannu a cikin duhun.

"Malama, jiya kin ce ba mai tashi sai ya duba marar rini."

"Baba, a bari sai an dawo."

"Malama, haka kika ce ko ba haka kika ce ba?"

Ta sauke hannunta. "Haka na ce."

Ya cire na farko, ya ɗora na biyu.  Ya buɗe haske.

Ga su nan. Birjik. Ko ɗaya bai ragu ba.

Wani daga baya ya fara tafi, aka riƙe masa hannu.  Yaya ya murza wani abu, hasken ya koma wani launi, taurarin suka koma ja, suna nan a inda suke. Ya sake murzawa, suna nan. Ya ce a ba shi gilashin dodon koɗin da aka haifa a ɗakin gwaji, wanda bai taɓa shiga tafki ba balle ya haɗu da tsutsa. Dogo ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Ya ɗora. Suna nan.

Ya toshe haske. Muka zauna cikin duhu.

"Uwata," ya ce. Ba Malama. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka haɗa injin, Baba."

"Shi ne ƙwan fitila ya ƙone."

Ta fashe da kuka, irin kukan da rabon da in ji ta yi shi tun rasuwar uwarta.

"To mene ne su?" ya tambaya. "Abin da na gani, ai na ga wani abu. Mene ne?"

"Datti ne, Baba. Wanda ke taruwa a hanta in dabba ta kwana biyu a duniya. Da kansa yake ƙyalli. Alamar tsufa ce kawai."

Ya yi wata 'yar dariya da na gwammace a ce kuka ya yi. "Tsufa. Ashe shi na rataya a falo ina jiran ya zo."

Na ɗauka zai tashi mu tafi. A'a. Ya dafa tebur ya miƙe, ya ce yaran su yi layi. Kowa sai da ya sa shi ya leƙa mai rini, ya leƙa marar rini, ya faɗi bambancin da ya gani. Kowa ya ce babu. Mai Turare ta leƙa tana share hawaye da bayan safar hannu.

"Ranar da aka ara mini madubi," ya ce musu, "gilashi ɗaya na haɗa. Na ga abin da nake so in gani, na tashi da murna. Da na haɗa na biyu, da kafin shayi ya huce na san gaskiya. Ku kalle ni da kyau. Duk ranar da kuka ga abu ya yi kyau har kuna son ku ruga ku faɗa, ku tuna da tsohon nan da bokitinsa." Ya juya wajen Auta. "Malama, ci gaba da darasi."

Kuma ta ci gaba. Muryarta na karyewa, amma ta kai shi ƙarshe, shi kuma yana tsaye a gaban aji har aka tashi.

Da muka koma gida bai cire farar rigar ba sai da ya hau kujera, ina riƙe da ƙafarsa ina masifa, ya sauko da hoton. Ya goge ƙurar da hannun riga. Da Auta ta zo ya miƙa mata, ya ce ta rataya a ƙofar ɗakin duhu, kuma duk ajin da ya zo ta gaya musu na wane ne. Ta ce ba za ta iya ba. Ya ce, "Wannan ne kaɗai amfanin da ya rage masa, Uwata. Kada ki hana shi." Ta karɓa ta rungume a ƙirji, ta fita ba sallama.

Ni kuma ya ce, "Rediyo, yau na ba ki izini. Kunna. Gaya wa kowa. Dodannin kuma ki zubar, kin huta da ƙarni."

Inda hoton yake, fentin bangon ya fi sauran haske. Har yanzu kujerar Yaya can take fuskanta. Yana zama da shayinsa yana kallon wurin, in baƙo ya zo su gaisa, shayi bai ko fara hucewa ba hira ta ƙare.

Washegari na fita bayan gida da niyyar kifar da bahunan. Na tarar da su sun hau gefe-gefe, sun fito da 'yan ƙahoninsu, lokacin cin abincinsu ya yi. Su ina ruwansu. Na koma kicin na ɗebo latas ina yayyaga musu. Tagar Yaya a buɗe take, na san yana ji na, bai hana ni ba.

Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, idonta na ƙyalli.

"Ke, jiya ba ki ba ni labari ba. An ga taurarin?"

Na ci gaba da yayyaga ganye.

"Ba a duba ba," na ce. "Ƙwan fitilar ne ya ƙone."